Safiyar da Ladi Ba Ta Yi Mini Filashin Ba

Shekara biyar ke nan cif da rasuwar Ladi mai markaɗe, kuma shekara biyar ke nan ina gaya wa mutane cewa hawan jini ne ya kashe ta. Na gaya wa maƙwabtanta na kasuwar Gwagwalada, na gaya wa matan da muke zama tare, na yi ta maimaitawa har bakina ya saba, wani lokacin ma ni kaina sai in kusa yarda. Ba hawan jini ba ne. Yau zan faɗi abin da ya faru, ba don na yi wata jarumta ba, sai don tura ta kai bango. Kafin in ɗauki biro sai da na nemi izinin 'yarta, ta ce mini, "Malama, ki faɗa kawai. Mama ba ta son ɓoye-ɓoye." Sunayen da za ku gani duk na canza su, amma waɗanda nake so su gane za su gane.

Ni malamar firamare ce, aji huɗu nake koyarwa a wata makarantar kuɗi. Bayan haihuwata ta uku na yi wani tari da ya ƙi jin magani, wani mai kemis ya ba ni maganin tari mai kodin. Tarin ya tafi, kwalbar ta zauna. Kafin shekara ta zagayo ina shan biyu a rana, in juye a robar lemo in cusa a jaka tsakanin littattafan yara. Hijabina har ƙasa, ina gaishe da kowa da ladabi, iyayen yara suna yabona da sanyin hali. Ba su san sanyin na kwalba ba ne.

Wata rana na kai markaɗen kayan miya rumfar Ladi. Ita Bagbagyiya ce 'yar Yangoji, Kirista, gajera mai faɗin kafaɗa, Hausarta kuwa ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne a wurinta. Ina tsaye a gefen injin, duk da ƙarar da yake yi, barci ya ɗauke ni, har robar ta cika ta fara zuba a ƙafata. Sai ta kashe injin, ta leƙo fuskata ta ce, "Malama, kwalba nawa kana sha a rana?" Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce ta iya bakinta, ni matar aure ce, ba sa'arta ba ce a rashin kunya. Ko a jikinta. Ta ce, "Ni da uku nake sha. Shekara biyu yanzu ban taɓa ba. Talata ƙarfe huɗu ka zo, ka kawo wake kamar za ka yi ƙosai."

Na tafi ina rantsuwar ba zan sake taka rumfarta ba. Bayan mako uku na ɗora ruwan zafi na zauna a tabarma, barcin nan ya sake ɗauke ni, 'yata Sadiya mai shekara uku ta jawo tukunyar. Tabon yana nan a hannunta na dama har yau. Talatar da ta biyo baya na jiƙa wake na tafi.

Mu bakwai na tarar. Akwai ma'aikaciyar jinya, akwai mai sayar da gwanjo, akwai matar wani ɗan sanda, akwai wata da take aiki a sakatariya wadda da a hanya na gan ta da na rusuna mata. Kowa da robar wakenta ko tattasai, don a gida an san markaɗe muka tafi. Ladi ta saki tamfol ta rufe bakin rumfar, ta tayar da injin. Wannan ita ce dabararta. Ƙarar injin ta hana maƙwabta jin komai, mu kuma dole muka matso kai da kai, kowa tana faɗin nata a kunnen 'yar'uwarta. Abin da ba zan iya faɗa a ɗaki mai shiru ba, a nan na faɗe shi da ƙarfi, ina kuka, ruwan wake yana fallatso mini a hijabi. Kafin a fara kowa takan yi addu'arta a zuci, mai Fatiha ta yi, mai addu'ar Ubanmu ta Kirista ta yi. Ladi ta ce Allah yana ji ko inji na ƙara.

Doka ɗaya ce tak ta kafa mana, dokar filashin. Kowace mace tana da wadda take tsaronta. Ƙarfe bakwai na safe za ki kira wayar mai tsaronki ki katse kafin ta ɗauka, ma'anarsa na kwana lafiya, ban sha ba. Ba ya cin kati, ba mijin da zai tambayi da wa kike magana. Idan ƙarfe takwas ta yi mai tsaronki ba ta ga komai ba, an hana ta kira. Sai dai ta ɗauki mayafi ta zo ƙofarki. Na taɓa yi mata musu a kan wannan, na ce ai kira ya fi sauƙi. Ta ce, "Murya yana ƙarya, Malama. Kai da kanka sau nawa ka ce lafiya lau a waya? Ka je ka ga ido." Na san gani ya kori ji, kuma na san irin muryar da nake ara idan uwata ta kira ni daga gida.

A kwana na goma sha tara na faɗi. Gaɓoɓina suna ciwo kamar an yi mini duka, cikina ya ɓaci, ina hamma ina gumi, na kasa, na aika aka sayo mini. Washegari ban yi filashin ba. Takwas da rabi sai ga Ladi a ƙofata, ta rufe rumfarta a lokacin da ciniki ya fi tafiya. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta wanke kwanukana, ta yi wa Sadiya wanka, ta zauna kusa da ni har azahar. Da za ta tafi ta ce, "Daga gobe ni zan riƙa yi maka filashin. Kai ne mai tsarona." Na ce ni da na faɗi jiya, wa zan tsare? Ta ce wanda yake riƙe da wani ba shi da hannun ɗaukar kwalba. Sannan ta bugi kafaɗata ta ce su Gbagyi ba sa ɗora wa kai kaya, don kai ya riga ya ɗauki nasa, a kafaɗa suke ɗauka. "Kanka ya cika, Malama. Kawo kafaɗa."

Haka take yi, daga baya na lura. Wadda ta fi kowa rauni ita take ba wa tsaron wata. Kuma abin ya ci a kaina. Sau da yawa na tsaya a ƙofar kemis na juya, ba don ƙarfin imani ba, sai don tunanin cewa gobe ƙarfe bakwai akwai wadda za ta dogara da idona. Tun daga ranar ban ƙara sha ba, shekara tara ke nan.

Shekara huɗu filashin ɗin Ladi yana shigowa ƙarfe bakwai daidai, ko ana ruwa ko babu wuta. Na saba da shi har na daina ganinsa, kamar carar zakaran maƙwabta. A nan kuskurena ya fara, ban sani ba. Na manta cewa ba gaisuwa take aiko mini ba. Na manta cewa mace ce da take tashi kowace safiya ta yi kokawa da abin da nake kokawa da shi.

Sai mahaifiyarta ta rasu a Yangoji. Muka je jana'iza mu huɗu. Ladi ce mai girki, ita ce mai rabon abinci, ita ce mai rarrashin ƙannenta, ban ga hawaye ko ɗaya a idonta ba. A mota muna dawowa har muna yaba mata, muna cewa kai, Anti Ladi dutse ce. Ta dawo Gwagwalada ranar Lahadi. Litinin filashin ya shigo. Talata bai shigo ba.

Na gani. Wannan ne abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Bakwai da minti goma na duba wayata na ga babu. Ƙarfe takwas ina raba wa yara takardun jarabawa, na sake dubawa. Na ce gajiyar jana'iza ce. Na ce wataƙila wayarta ba caji. Na ce shugabar makaranta ba za ta bar ni in fita ranar jarabawa ba, alhali ko tambayarta ban yi ba. Amma ainihin abin da na ce a zuciyata shi ne, Ladi ce fa. Wa zai je ya leƙa idon Ladi? Daga makarantarmu zuwa ɗakinta tafiyar minti goma ce a kan okada. Da rana ta yi tsaka na kira ta, abin da ta hana, ba a ɗauka ba. Sai da aka tashi ƙarfe biyu na tafi.

Ƙofar a kulle ta ciki. Maƙwabta suka ɓalle ta, ni na fara shiga. Tana kwance a kan tabarma da zanen da ta sa ranar jana'iza, ga kwalba biyu babu komai a ciki, ga ɓawon ƙwayoyi. Kafin sauran su shigo na kwashe su na tura ƙarƙashin hijabina. A asibiti aka tabbatar ta riga ta cika, na gaya wa likita gaskiya. Ya ce jikin da ya daɗe da rabuwa da abin ba ya iya ɗaukar abin da ya saba ɗauka a da. Na tambaye shi, da an kawo ta da safe fa? Ya dube ni ya ce rai na Allah ne, amma da an gwada. Wannan "da an gwada" ita nake kwana da ita nake tashi da ita. An ce da na sani ƙeya ce, to tawa ƙeyar ta fi goshina nauyi.

Ranar kuwa Talata ce. Ƙarfe huɗu mata suka zo rumfa da robobin wakensu suka tarar da ni zaune a kan benci. Na dubi fuskokinsu, akwai mai wata biyu da dainawa, akwai mai kwana tara. Na ji tsoron idan suka san Ladi ta faɗi, kafin magariba duk za su watse su nufi kemis. Sai na ce hawan jini ne. Na ɗauka kare su nake yi, da ita.

Abin da ƙaryar nan ta haifa ban gan shi da wuri ba. A zamanin Ladi faɗuwa ba abin kunya ba ce a rumfar nan. Idan wata ta zo tana sunkuyar da kai, cewa take yi, "Ka faɗi? To tashi ka kaɗe zani, akwai wake." Bayan ta tafi sai muka mayar da ita waliyyiya. Da bakina na riƙa gaya wa sababbin zuwa cewa Anti Ladi shekara shida ba ta taɓa ba har ta koma ga Mahaliccinta. Ina zaton ƙarfafa musu gwiwa nake yi, ashe ma'auni nake kafa musu wanda ita kanta mai shi ba ta kai ba. Duk wadda ta faɗi sai ta ji kunyar Ladi, ta ji kunyata, ta daina zuwa. Mun taɓa kaiwa mu goma sha huɗu. Yau mu huɗu ne, kuma ban san inda mafi yawan sauran suke ba.

Nakan tambayi kaina me Ladi za ta ce da ta leƙo yau. An sayar da injin, rumfar ta koma ta masu POS. An hana sayar da kodin a fili, sai ya koma bayan kanta, ya kuma samu ƙanne, ƙwayoyi iri-iri da ban ma iya riƙe sunayensu ba. 'Yan matan da nake gani suna layi a gefen titi da rana tsaka, wasu na koyar da sa'o'insu a aji huɗu ba da daɗewa ba. Mu kuma mun waye. Mun daina haɗuwa don kuɗin mota ya yi tsada, mun buɗe guruf a waya, kowace safiya kowa ta tura hoton babban yatsa. Idan wata ba ta turo ba sai a rubuta mata, 'yar'uwa lafiya? Ta amsa da lafiya lau, a wuce wurin. Na san abin da Ladi za ta yi. Za ta yi dariyar nan tata mai fito da wushirya, ta ce mai maye ma yana da yatsa. Ita ta san zumunta a ƙafa take, mu muka mayar da ita kan allon waya, kuma ni da na gaje ta a shugabanci ni na amince da hakan don ya fi mini sauƙi.

Akwai wata da zan kira Rifkatu, mai sayar da kayan yara na gwanjo. Ba ta taɓa ganin Ladi ba, labarinta kawai ta ji a bakina. Ta yi shekara ɗaya da wata biyu ba ta sha ba, sai aka yi wa mijinta canjin wurin aiki suka koma Karu. Watan jiya yatsanta ya daina shigowa. Wannan karon na ce ba zan maimaita ba. Ranar Asabar na shiga mota biyu, na ratsa Abuja daga wannan ƙarshen zuwa wancan, na yi ta tambaya har na samu gidan. Ta ƙi buɗe mini ƙofa. Ta ɗaga labulen taga kaɗan, na ga idon, na gane.

Ta ce, "Malama, sori, kin sha wahala a banza. Ku kuna da ƙarfi, ke da Anti Ladi. Ni ba irin ku ba ne. Na gwada, wallahi na gwada. Ki cire ni a guruf."

Ina tsaye a rana, gaskiya tana bakina. Kalma huɗu ce kawai: Ladi ma ta faɗi. Na haɗiye ta. Na yi mata wa'azin haƙuri da dogaro ga Allah, irin wanda ni kaina ba ya shiga kunnena a lokacin da nake cikin halin da take ciki. Ta saki labulen.

A hanyar dawowa, inda ake canza mota, na ga wani shago. Wanda ya taɓa sha ba ya bukatar allo, kallo ɗaya na yi wa mai shagon ya yi mini, muka gane juna. Na sayi kwalba, na fito da ita a jaka. Yau kwana goma sha biyu tana nan, tsakanin littattafan yara, a daidai inda nake ajiye ta shekara tara da suka wuce. Ban buɗe ba. Ban kuma zubar ba, kuma kada wanda ya tambaye ni dalili, don na ɗauke ta na nufi bayan gida ya fi sau biyar ina dawowa da ita. Ina koyarwa ina jin nauyinta a kan tebur. Sadiya, wadda yanzu take da shekara goma sha biyu, ta zo neman jan biro a jakata shekaranjiya, na daka mata tsawar da ta sa ta ja da baya tana riƙe da hannun nan mai tabo. Kuma kowace safiya cikin kwanakin nan ina tura babban yatsana a guruf, ana amsa mini da Allah ya ƙara ƙarfi, Malama.

Tsoro nake ji, tsoro mai tsanani. Na san abin da likita ya faɗa game da jikin da ya daɗe da rabuwa da abin, na kuma san ba a kurɓi ɗaya zan tsaya ba. Sai a cikin kwanakin nan na lura da abin da ya kamata in gani tun tuni. Tun ranar da aka binne Ladi ba ni da mai tsarona. Kowa ni take turo wa, ni kuwa ba wadda take leƙa idona. Wanzami ba ya son jarfa. Ladi ta fi ni hankali, don ita ta naɗa wa kanta mai tsaro, sai dai mai tsaron ce ta ga girmanta ya wuce a leƙa ta.

Maigidana har yau yana zaton gyambon ciki ne ya wahalar da ni a shekarun nan. Idan ya karanta wannan zai gane, tabon Sadiya kaɗai ya isa. Shugabar makarantarmu ma wataƙila ta gane. Na auna wannan duka na ga ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gara a san ni da rai da a ɓalle ƙofata a samu wata tana tura kwalba ƙarƙashin hijabi don ta rufa mini asiri.

Me ya rage na Ladi bayan shekara biyar? Ba injin, ba rumfa, kabarinta yana Yangoji kusa da na uwarta, ciyawa tana rufe shi kowace damina. Sunan waliyyiyar da na ƙera mata kuma yau na rushe shi da hannuna, ina roƙon ta yafe mini, ina roƙon matan da ƙaryata ta kora su yafe mini. Abin da ya rage shi ne mace mai markaɗe da ta yi shekara shida tana tashi kowace safiya ta zaɓi kada ta sha, ta ɗauki mata da yawa a kafaɗarta, sannan wata safiya guda ta kasa. Safiyar nan ba ta goge shekara shida ba. Dokarta ma ba ta gaza ba, ni ce ban bi ta ba. Duk wadda ta bar mu don ta faɗi, ta sani wadda ta kafa zaman ma ta faɗi, kuma da tana nan cewa za ta yi ki tashi ki kaɗe zani.

Saura ke, Rifkatu. Na sa an kawo miki wannan jaridar har gida, don na san ba za ki ɗauki wayata ba. Ban cire ki a guruf ba, kuma ba wa'azi zan sake yi miki ba. Aiki zan ba ki, irin wanda aka ba ni washegarin ranar da na faɗi. Na san abin da za ki ce, ke da kike cikin ruwa wa za ki tsamo. Ni ma haka na ce. Ba ni da wata sai ke, don sauran duk suna ganin girmana, ke kaɗai ce kika san yadda idon yake idan ya juye.

Daga gobe ƙarfe bakwai zan riƙa yi miki filashin. Na san Karu da Gwagwalada ba kusa ba ne, mota biyu ce, ga cunkoso, ga tsada. Duk da haka, ranar da takwas ta yi ba ki ga komai ba, kada ki ce Malama ce fa. Kada ki kira ni, don zan ɗauka, zan kuma ce miki lafiya lau da murya mai daɗi. Ki ɗauki mayafinki ki taho. Ni na makara da awa shida.